Kafin Wuƙar Likita Ta Taɓa Mutum

Bari kowane mai karatu ya ɗora hannu bisa ƙirjinsa ya ja numfashi. Abin da ya ji yana tashi yana sauka ƙarƙashin tafinsa haƙarƙari ne, goma sha biyu a dama, goma sha biyu a hagun, an jera su kamar tsaikon ɗaki domin su tsare huhu da zuciya. Tsaro ne mai kyau ƙwarai, amma ranar da cuta ta shiga huhu, wannan tsaro shi ne ya ke hana likita kaiwa gare ta. Shekaru da yawa hanya ɗaya ce kaɗai likita mai fiɗa ya sani. Ya kan tsaga gefen mutum daga kusa da kafaɗa ta baya har zuwa ƙarƙashin nono, tsawon taƙi guda ko fiye, ya sa wani ƙarfe tsakanin haƙarƙari biyu ya buɗe su da ƙarfi, wani lokaci har ya yanke ɗaya, kāna hannunsa ya sami wurin shiga. Mutane da yawa sun tsira ta wannan hanya, mun gode Allah. Amma wanda aka yi wa ya san abin da ya sha. Tari ya kan zama masa azaba, dariya ma haka, waɗansu kuwa zafin wurin ba ya rabuwa da su har shekaru.

Yanzu akwai wata hanya. Likita ya kan huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku tsakanin haƙarƙari, ko ma guda ɗaya tak wadda ba ta kai inci biyu ba. Ya zura siririn bututu mai fitila da kamara a bakinsa, cikin ƙirji ya bayyana bisa allon talabijin, ya zura dogayen almakashi da hantsaki, yana duban allo yana aiki, har ya yanke sashin huhun da ya lalace ya jawo shi waje cikin 'yar jaka. Ba a buɗe haƙarƙari da ƙarfi. Zafi ya ragu, kwanakin jiyya sun ragu, tsoho wanda da ba zai iya ɗaukar babbar fiɗa ba ya kan iya ɗaukar wannan.

To, a ina likita ya koyi wannan aiki? Hannun da ya saba taɓa abu yanzu yana riƙe da sanda mai tsawon kamu, idon da ya saba duban rauni yana duban allo. Kusa da bakin almakashinsa kuwa akwai babbar jijiya mai kai jini daga zuciya zuwa huhu, fatarta marar kauri ce, in aka yage ta ƙirji ya kan cika da jini nan da nan, allo ya yi ja, likita ya makance. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar ita ce, a ƙasashe da yawa a kan kawo alade ko tunkiya, a sa mata maganin barci, a kwantar da ita bisa gadon fiɗa, likitoci su koyi aikin a ƙirjinta. In an ƙirƙiro sabon ƙarfen ɗinke huhu, ko sabon danƙo na toshe inda iska ke tsiyaya, a jikin dabba a ke fara gwada shi. Dabbar ba ta da ciwo, ba ta kuwa ce ta yarda ba, a ƙarshe kuma a kan kashe ta. Tambayarmu ke nan, daidai ne ko ba daidai ba ne?

Ya kamata mu san tun da fari cewa dukan aikin fiɗar ƙirji ta wannan ƙofa ya shigo. Da can likitoci suna jin tsoron ƙirji, gama da zarar an huda shi iskar waje ta kan shiga, huhu ya motse kamar salkar da ruwanta ya ƙare, numfashi ya tsaya. A 1904 wani saurayin likita Bajamushe, Ferdinand Sauerbruch, ya gina wani ɗaki a birnin Breslau inda a ke rage ƙarfin iska. Likita da gangar jikin wanda a ke yi wa aiki suna ciki, kai kuwa yana waje, saboda haka huhu ba ya motsewa ko an buɗe ƙirji. A kan karnuka ya gwada. A 1909 waɗansu masana biyu a New York, Meltzer da Auer, suka nuna cewa in an zura bututu cikin maƙogwaro ana hura iska, ba a bukatar wannan ɗaki. Su ma da karnuka suka yi. Bututun da a ke sa wa kowane mai shiga babbar fiɗa yau jikan wannan ne. Leƙen cikin jiki da fitila kuwa, Georg Kelling na Dresden ya fara yinsa a 1901 cikin cikin kare, sa'an nan a 1910 Hans Christian Jacobaeus na Stockholm ya leƙa ƙirjin mutane, daga baya ya riƙa yi wa masu tarin fuka aiki ta ƙananan huji. Da aka sami magungunan tarin fuka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka kusa mantawa da hanyarsa. Ƙaramar kamara ce ta tashe ta daga barci a farkon shekarun 1990, sa'ad da aka soma cire sashin huhu ɗungum ta ƙananan ƙofofi. A 2010 Diego Gonzalez Rivas na birnin Koruña a Sifen ya yi shi ta ƙofa guda.

Wani zai ce wannan zancen Turai ne, ina ruwanmu da shi a Kaduna? Da ruwanmu. Wanda ya san Unguwar Rimi ya san hanyar Surame, inda cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta ke. An buɗe ta a 1951 domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, a 1964 ta zama ta Nijeriya kaɗai, tana kuma da reshe a Vom. Kakanninmu sun san abin da ƙudan tsando ya yi wa ƙasar Zazzau, har aka ta da mutanen Anchau aka gina musu sabon gari mai suna Takalafiya. Ba a iya sanin halin wannan cuta ba sai da aka sa ƙwayarta cikin jinin ɓeraye da zomaye da awaki da shanu, aka zuba ido a ga yadda ta ke ci, aka gwada magani a ga wanda ya ke kashe ta. A Vom kuma tun 1924 a ke aikin cututtukan dabbobi, daga can allurar rigakafin bushiya da ta ciwon huhun shanu suka riƙa fita zuwa rugage. Bushiya, wadda ta share garkunan Fulani a ƙarshen ƙarni na 19, an shaida ƙarewarta daga duniya duka a 2011. Wanda ya sha nono a Kawo, ko ya kai ɗansa allura a asibitin Barau Dikko, ya riga ya ci moriyar dabbobin da aka gwada abu a kansu. Ba mu tsaye a gefe muna shari'ar waɗansu mutane. Muna cikin masu cin ribar.

Amsa ta fari da a kan ji a bakin mutanenmu ita ce, “Ai dabba ce kawai.” Da wannan kalma “kawai” mu ke da magana. Ba a cikin Littafi Mai Tsarki aka samo ta ba. Gaskiya ne an ba mutum mulki bisa dabbobi, bayan ruwan tsufana kuma aka ba shi izinin cin nama. Amma mu duba Farawa sura 9 da kyau. Alkawarin da aka yi da Nuhu an yi shi ne har da kowane mai rai da ya fito daga jirgi, a wurin kuma aka hana cin jini, domin a tuna wa mai yanka cewa ran da ya ɗauka ba shi ya ba da shi ba. Shari'ar Musa ta sa sa da jaki cikin masu hutun Asabar, ta hana a ɗaure bakin takarkari sa'ad da ya ke sussuka. Sa'ad da Bal'amu ya bugi jakarsa sau uku, mala'ika ya tuhume shi saboda dukan. Littafin Yunana ma da zancen dabbobin Nineba ya ƙare. Mulkin da aka ba mu irin na makiyayin haya ne, wanda zai komo da yamma a ƙidaya garke a gabansa.

Wannan “kawai” tana da tarihinta a Turai. A ƙarni na 17 wani masani Bafaranshe, René Descartes, ya koyar cewa dabba kamar agogo ta ke, tana motsi ba ta da tunani, waɗansu almajiransa kuwa suka ɗauki kukan kare kamar ƙarar ƙarfe. Kafin a sami maganin barci a 1846, har bayan an same shi ma, an fede dabbobi masu yawa da ransu, idonsu biyu. Claude Bernard na Faransa, wanda ya gano abubuwa masu girma game da aikin hanta, ya yi irin wannan har matarsa ta rabu da shi, ita da 'ya'yansa mata suka koma masu kula da karnukan da ba su da masu su. Babu yaron da ya taɓa kiwon akuya a ƙasarmu da zai yarda da koyarwar agogon nan. Ya san muryar akuyar da ta ɓata ɗanta, ya san ta dabam da muryar mai jin yunwa. Abin farin ciki ne kuwa mu tuna cewa masu bi suna cikin waɗanda suka fara tsayawa. A 1824 wani limamin Ekklesiyar Ingila, Arthur Broome, ya tara mutane a London suka kafa jam'iyyar hana zaluntar dabbobi, William Wilberforce wanda ya yaƙi cinikin bayi yana cikinsu. Broome har kurkuku ya shiga saboda bashin jam'iyyar. A 1876 Ingila ta yi dokar da ta sa mai gwaji a kan dabba ya nemi izini, ya kuma yi amfani da maganin barci.

Amsa ta biyu ta fi ta farin kyaun zuciya. Masu ita suna cewa, tun da dabba tana jin zafi, ba ta kuwa iya yarda ba, a bar abin gaba ɗaya. Muna girmama masu wannan ra'ayi, gama tausayi ne ya motsa su. Amma akwai abin da ba su amsa ba. Kowane sabon aiki yana da na fari. Dole akwai ƙirji na fari da sabon ƙarfe zai shiga, dole akwai rana ta fari da saurayin likita zai ga jini ya ɓalle. In an ɗauke dabba daga gadon nan ba za a bar shi wofi ba, mutum za a kwantar. Wane mutum kuwa? Wanzami ba ya son jarfa. Ɗan likita ba zai zama na fari ba, ɗan gwamna ma haka.

Tarihi ya nuna mana ko wane ne. A 1933 gwamnatin Hitler ta yi dokar kare dabbobi mai tsanani, wadda ta ƙuntata gwaji a kansu. Ba a yi shekara goma ba likitocin gwamnatin nan suna sa fursunoni a sansanin Dachau cikin ɗakin da aka janye wa iska, domin su ga yadda mutum ya ke mutuwa. Bayan yaƙi, a shari'ar likitocin da aka yi a Nuremberg a 1947, alƙalai suka kafa ƙa'idodi goma. Ta fari ita ce kada a gwada kome a kan mutum sai da yardarsa, ta uku kuwa ta ce a fara da dabba tukuna. Ba muna cewa mai tausayin dabba maƙiyin mutum ne ba, Allah ya sawwaƙe. Muna cewa ne ana iya jin tausayin kare a kuma raina ɗan Adam, zuciya ɗaya tana iya ɗaukar duka biyu. A Amurka ma, sa'ad da James Hardy ya yi dashen huhu na fari ga mutum a jihar Misisifi a 1963, bayan gwaji a kan karnuka ɗaruruwa, wanda aka yi wa ɗan kurkuku ne mai ɗaurin rai da rai, mai ciwon daji a huhu. Ya ce ya yarda, ya kuwa rayu kwana 18. Amma yardar mutumin da ke cikin sarƙa abin tunani ce.

Mu a Arewa ba sai an tafi da mu nesa ba. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa a ciki, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani sananne, goma sha ɗaya suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ya kuma ce an nemi izini. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi. Aka yi ta shari'a, a 2009 aka sasanta da Jihar Kano bisa dala miliyan 75. Wannan magani ne, ba fiɗa ba, an kuwa riga an gwada shi a kan dabbobi, saboda haka kada wani ya ce jinin dabba ya isa ya tsare talaka. Bai isa ba. Amma abin da ya faru ya nuna mana a fili 'ya'yan wa a kan samu a layin gaba in ana neman wanda za a gwada abu a kansa.

Saboda haka ga matsayinmu. Ya halatta likita ya koyi aiki a ƙirjin alade domin kada ya koya a ƙirjin yaro, gama an halicci mutum cikin surar Allah, Ubangiji Yesu da kansa ya ce mutum ya fi tunkiya daraja. Amma halaccin nan irin na cin bashi ne. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ci bashin da ba ya bukata, ko ya ci fiye da bukata, ko ya ƙi biya.

Akwai wanda zai kawo mana labarin aladun ƙasar Garasinawa a Markus sura 5, inda wajen dubu biyu suka hallaka cikin teku ranar da mutum ɗaya ya sami hankalinsa, ya ce to ga hujja, ko nawa aka kashe ba kome. A yi hankali. Mai garke na ainihi ne ya ba da izini a ranar, shi wanda ya halicce su. Abin da labarin ya ke tsauta wa shi ne mutanen garin, waɗanda suka ga maƙwabcinsu zaune da tufafi cikin hankalinsa, suka ƙidaya hasararsu, suka roƙi Yesu ya bar ƙasarsu. Ba a rubuta shi domin ya zama takardar izinin kowane mai wuƙa ba.

Cin bashin da ba a bukata shi ne laifin da ya fi yawa. A 1959 waɗansu masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka fitar da littafi wanda ƙa'idodinsa suka shiga dokokin ƙasashe da yawa. Suka ce in akwai abin da zai tsaya a maimakon dabba mai rai a yi amfani da shi, in babu a rage yawan dabbobin, waɗanda suka rage kuwa a sauƙaƙa musu wahala. Masu binciken tsando sun ga amfanin wannan da idonsu. Da can, domin a kiwata ƙudan a ɗakin bincike, a kan ɗaura kejinsu a jikin akuya ko a kunnen zomo su sha jini kowace rana. Daga baya aka gane cewa in an zuba jinin da aka karɓo daga mayanka bisa faranti mai ɗumi, aka rufe shi da siririyar fatar roba, ƙudan ya kan huda ya sha ya ƙoshi. Zomaye da yawa suka huta, bincike kuwa bai tsaya ba. A wajen fiɗar huhu ma haka ta ke. Ana iya karɓo huhu da zuciya a haɗe daga wurin mahauta, na dabbar da an riga an yanka domin nama, a sa su cikin akwati mai siffar ƙirji, a hura musu iska, a tura jan ruwa cikin jijiyoyi, ɗalibi ya yi ta koyo har hannunsa ya faɗa. Akwai kuma kwamfuta mai nuna ƙirji bisa allo, tana ƙidaya kuskuren mai koyo. A garin da a ke yanka shanu da tumaki kowace safiya a Zangon Tudun Wada, a jihar da ke da babbar kasuwar aladu a Katsit kusa da Kafanchan, ba za a rasa huhun koyo ba. Ɗalibin da bai iya riƙe almakashi a akwati ba tukuna, ba shi da hakkin taɓa mai rai. Abin da ya saura wanda akwati ba ya koyarwa kaɗan ne, watau huhu mai motsi, da zuciya mai bugawa kusa da wuƙa, da jini na gaske mai ɓallewa. Domin wannan kaɗan ɗin ne kaɗai a ke da hujja.

Har ila yau kada likita ya dogara ga dabba fiye da kima. Kowane mahauci ya san huhun tunkiya ba ɗaya ya ke da yadda a ke zana na mutum a littafin makaranta ba. Huhun dama na mutum sashi uku ne, na alade huɗu. Alade da tunkiya da saniya suna da wani reshen iska da ya fita kai tsaye daga maƙogwaro tun kafin ya rabu biyu, mutum kuwa galibi ba shi da shi. Ƙirjinsu matsattse ne daga gefe, namu mai fāɗi. Dabbar gwaji kuma ƙarama ce lafiyayya, huhunta sumul, alhali mai tarin fuka na shekara biyar huhunsa ya manne da haƙarƙari kamar tuwo da gindin tukunya. Wanda ya yi nasara a kan alade goma bai zama gwani ba. Zai shiga wurin mutum na fari da tsoron Allah, da babban likita a tsaye kusa da shi, ya kuma faɗa wa mai ciwon gaskiya cewa aikin sabo ne a hannunsa.

A nan ba za mu wuce ba sai mun taɓa kanmu kaɗan. Aladen da ke bisa gadon fiɗa yana barci, ba ya jin kome, ba zai kuwa farka ba. Mu kwatanta shi da shanun da mu ke gani an cusa cikin tirela a hanyar Zariya, kwana biyu ko uku zuwa Kudu ba ruwa, ƙahon wannan a idon wancan. Ko kajin da a ke ratayewa kai ƙasa a bayan babur da tsakar rana, ko akuyar Kirsimati da a kan ɗaure da gajeren igiya a manta da ita har yara su tuna. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a nan Kaduna ta fara aiki a 1960, ta sa hukunci bisa zaluntar dabba. Wa ya taɓa ganin an kai wani gaban alƙali saboda haka? Maƙwabtanmu Musulmi suna koya wa 'ya'yansu a wasa wuƙa kafin yanka, kada kuma a wasa ta a gaban dabbar, abin koyi ne. Mai bi wanda ya ke ƙyamar abin da likita ya ke yi da dabba ɗaya mai barci, amma bai taɓa kai wa akuyarsa ruwa ba, bari ya fara daga gida.

Saura zancen biya, shi ne kuwa ya fi damunmu. An ɗauki ran dabba da sunan marasa lafiya. Waɗanne marasa lafiya? Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu kamuwa da tarin fuka. Cibiyar da ke Saye kusa da Zariya ta daɗe tana horar da ma'aikata dominsa. Bayan wannan ga yaran da ciwon haƙarƙari ya kama, ba a kai su asibiti da wuri ba, mugunya ta taru ta daskare cikin ƙirji ta danne huhu. Ga waɗanda hatsarin mota ya karya wa haƙarƙari, jini ya kwanta a ciki. Waɗannan su ne masu bukatar fiɗar ƙirji a ƙasarmu, ƙaramar ƙofa kuwa tana yi musu amfani ƙwarai in an same su da wuri. Amma aikin yana son kamara, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da ƙarfen ɗinki mai tsada wanda a kan yar bayan aiki ɗaya, da gwanin sa barci wanda ya iya hutar da huhu ɗaya ya bar ɗayan yana aiki. Idan gwamnati ta aiki likita waje ya koya a kan tumaki, ya komo ya tarar ba kayan aiki, ya gaji ya tattara ya tafi wata ƙasa, to an zubar da jinin nan a banza a wajenmu. Idan kuwa kayan sun zo amma sai mai miliyoyi ya ke iya biya, an karɓi rai da sunan talaka an kai wa mai kuɗi. Annabi Natan ya taɓa ba Dawuda labarin 'yar tunkiya irin wannan. Alhakin ba na likita kaɗai ba ne. Yana kan masu raba kuɗin asibitoci, yana kuma kan ekklesiyoyi masu dakunan shan magani, in ba su aika da yaro mai ruwa a ƙirji babban asibiti tun da sauran dama ba.

'Ya'yanmu da yawa suna karatun likita da na likitan dabbobi a Samaru da Shika da nan Kaduna. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai kwamiti mai duba kowane gwaji da za a yi da dabba kafin a ba da izini, wata rana waɗansunsu za su zauna a irin wannan kujera. Takardar da za ta fi ba su wuya ita ce ta gwajin da dabba za ta farka. In ana so a san ko sabon ɗinki zai riƙe, tilas tunkiya ta tashi daga barci ta rayu makonni da rauni a ƙirji, kāna a kashe ta a duba yadda wurin ya warke. A nan ne zafi na gaske ya ke. Tunkiya kuwa ba ta ihu kamar akuya, halinta ne ta ɓoye ciwo. Sai wanda ya san ta zai ga ta ware daga sauran, ta bar tuƙa, tana cizon haƙora, kunnuwa a ƙasa. Mai zama a kwamiti ya tambayi mai gwajin tumaki nawa ya ke so, don me ba za su ragu ba, wane maganin zafi ya tanada, kuɗinsa yana cikin lissafi ko babu, a wace alama kuma za a tsai da gwajin a hutar da dabbar ko da sakamako bai cika ba. Ya kuma tambayi sunan wanda zai tashi da ƙarfe biyu na dare, ran Asabar, ya ɗauki fitila ya tafi garke ya duba ta. In ba a rubuta sunan kowa ba, kada ya sa hannu.